Azumin da Na Ba Kuza Maki Goma

Jiya da azahar Ummi, 'yata, ta ɓata mana zoɓo. Ta jiƙa kanwa a kofi za ta zuba wa wake, sai hannunta ya kuɓuce, ruwan ya kife cikin robar zoɓon da na tace tun safe. Kafin in buɗe baki jan nan ya mutu, ya koma baƙi-baƙi mai ratsin kore. Ta tsaya tana raba ido tana jiran faɗa, don ta san halin uwarta. Ni kuwa kujera 'yar tsugunno na jawo na zauna. Kwana biyu ke nan ba wuta, bango sai huci yake, ga wannan launi a gabana. Ban san lokacin da na koma shekarar kulle ba.

A shekarar da korona ta rufe mu a gida, azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Yanzu ya ja baya zuwa lokacin da gari ke da sauƙi, kuma in na ji yara suna kukan ƙishirwa kallonsu kawai nake. Gidanmu a Ƙofar Kwaya yake, ɗaki biyu da rufin kwano. Tun ƙarfe takwas rana take fitowa da niyyarta. Ruwan randa ya yi ɗumi, tabarma ta yi zafi, ko ƙadangare ba ya son hawa bango. Mukan jiƙa zani mu lulluɓa, kafin a kira azahar ya bushe ƙayau. Kasuwa a rufe take sai ranar da aka sassauta doka, ranar kuwa turmutsitsi ya hana ka sayen rabin abin da ka fito nema. Ƙanƙara ta zama labari. Da kunun tsamiya marar sukari muke buɗe baki, da ƙosai uku-uku, in an samu dabino a raba shi biyu. Maigidana, Malam Sada, tela ne, kuma a shekarar ba wanda ya kawo ɗinkin Sallah. Sai ya tattara ƙyallayen atamfa ya koma ɗinka takunkumin fuska. Daga safe zuwa yamma ƙarar kekensa ce kaɗai alamar da rai a gidan.

Ni malamar kemistiri ce a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Da aka rufe makarantu, firinsifal ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya ce a ci gaba da darasi ta waya. Na buɗe wa 'yan aji biyar zaure a waya, na samu ashirin da 'yan kai, yawancinsu da wayar uwa ko ta yaya suke shiga. Na zage ina rubuta darasi a takarda, in ɗauki hoto in tura, wani lokaci shafi huɗu. In kai wayata caji gidan maƙwabta masu sola, in tsaya bakin zaure ina ɗaga ta sama ina neman sabis. Duk wannan wahala, ko tari ba wanda ya yi. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, ban taɓa ganin aji ya yi banza da ni haka ba, kuma na ji haushi ƙwarai.

Wadda ta fasa shirun Nafisa ce, wata 'yar Ƙofar Guga da bakinta ba ya hutawa ko a ɗakin jarrabawa. Saƙon murya ta turo.

"Malama, wallahi ba raini ba ne. Yunwa muke ji, gida ya ishe mu, Baba tun sahur shina hwaɗa. In na buɗe rubutunki kaina ke sarawa. Don Allah ki yi mamu wani abu da ba karatu ba."

Na fara rubuta mata amsa mai zafi, sai na tuna da safen nan na daka wa Ummi tsawa don kawai ta yi dariya da ƙarfi. Na goge abin da na rubuta. A daren ba mu yi hira ba, ina ta saƙa, washegari na fito musu da wasa.

Kowa na raɗa masa sunan wani sinadari, da Hausa, yadda kakanninsu suka san shi. Akwai Zinariya, akwai Azurfa, da Dalma, da Tagulla. Nafisa na ba ta Zaiba, don ba ta zama wuri ɗaya. Wani Sagir ya zama Tutiya. Lokacin wasa kuwa bayan sallar la'asar ne, sa'ar da harshe ke manne wa ganɗa, mutum ya ji kowa a gidan maƙiyinsa ne. Da kiran suna muke farawa. In ce, "Zinariya?" ta ce, "Tana nan, ba ta yi tsatsa ba." In ce, "Dalma?" ya ce, "Yana nan da nauyinsa." Wanda aka kira sau uku bai amsa ba, sai aji ya ce ya narke, gobe kuma sai ya rera mana sunayen sinadarai ashirin da murya kafin a mayar da shi. Daga nan in ba da farautar ranar. Nemo min abu mai tsami a gidanku. Nemo min abin da ruwa ke narkarwa da wanda ba ya narkarwa. Kowa ya bazama madafar uwarsa, ya turo hoto, ni kuma in raba maki yadda na ga dama. Kafin mu ankara ladan ya fara gyaran murya. Uwar wata yarinya har kirana ta yi ta sa min albarka, ta ce tun da aka fara wasan 'yarta ta daina dukan ƙannenta.

A cikinsu akwai Abubakar, wanda ake kira Buba. Bafillace ne, dogo, siriri, mazaunin bencin baya. Shekara biyu yana ajina, ban tattara jimla goma daga bakinsa ba. Shi da mahaifiyarsa, Inna Adama, suna zaune a bakin gari, bayan Ƙofar Guga, tana sayar da nono da fura don ya yi karatu. Mahaifinsa yana ruga da shanu can yamma, sai jefi-jefi yake shigowa. Buba ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa gaban mutane. Ranar da ta zo makaranta karɓar sakamako, cewa ta yi, "Na zo kan maganar wancan na wurinki," sai da na lissafo mata sunaye ta gyaɗa kai a kan nasa. A wasa na ba shi Kuza. Wasu suna yi wa amsarsu ado, shi kullum kalma uku ce: "Kuza na nan."

Amma a farauta ba mai kama ƙafarsa. Ranar zoɓo ce ta fito da shi. Na ce kowa ya dafa zoɓo, ya ɗiga masa lemun tsami a kofi ɗaya, ruwan kanwa a wani, ya gaya min abin da ya gani. Zauren ya kaure da ihu, wasu na cewa Malama ta koya musu tsafi. Buba ba shi da lemun tsami. Sai ya jera ludayin duma biyar na Innarsa a kan tabarma, ɗaya da tsamin nono, ɗaya da tsamiya, ɗaya zalla, ɗaya da ruwan toka, ɗaya da kanwar shanu. Launi ya tashi daga ja wur, ya bi a hankali har ya kai kore. Ya haɗo da saƙon murya yana bayani, a ƙarshe Inna ta yi magana daga nesa kan an ɓata mata ludayi, sai ya yi dariya. Ranar na fara jin dariyarsa. Na kira firinsifal na cika masa baki, na ce na gano maganin zaman gida.

Ran sha huɗu ga azumi, ana saura kaɗan la'asar, Sagir ya turo bidiyo zauren. Ya rubuta, "Ku ga abin da ke faruwa."

Kwana biyu kafin nan 'yan bindiga sun faɗa wa wani ƙauye a yamma da birni. Sun kashe mutane, sun ƙone rumbuna, sun kore dabbobi. 'Yar'uwar mahaifiyar Sagir tana cikin waɗanda aka binne. Da ranar kasuwar yankin ta zo, mutanen da suka yi jana'iza suka fito da gora da adda suna neman duk wani Bafillace. Waɗanda suka yi kisan ba su zo kasuwa ba. Wanda ya zo wani dattijo ne da malafa, riƙe da igiyar maraƙi. Shi ne a bidiyon. Na ga an zagaye shi, yana magana ba a jin abin da yake cewa. Wani ya ce, "Shi ma nasu ne!" Gora ta farko ta sauka a kafaɗarsa, ta biyu ta cire malafar. Ya durƙusa, ya ɗaga hannu ɗaya yana kare kai, ɗaya hannun bai saki igiyar ba, maraƙin na ta fizga yana jan sa a ƙasa. Jini ya rufe masa ido. Da na ga an ɗaga adda sai na jefar da wayar kan tabarma, na fita tsakar gida.

Da na dawo, yara sun riga sun yi rubutu a ƙarƙashi. Wasu sun yi salati. Biyu sun rubuta, "Allah ya ƙara." Ɗaya ya ce, "Gara haka, su ma su ji." Yarana, waɗanda jiya suke gardama kan launin zoɓo.

Na rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan aji ne, ba kasuwa ba, Sagir ya goge yanzu-yanzu, kuma duk wanda ya ƙara magana zan fitar da shi. Ya goge. Daga nan na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa. Na ce a raina maganin wannan ɗaci shi ne a ci gaba da wasa, a mantar da su. Ban tambayi kowa ko lafiya ba. Na fara kiran suna.

Zinariya ta amsa a sanyaye. Dalma ya amsa. Na ce, "Kuza?" Shiru. Na sake. Ina shirin na uku sai ga shi.

"Kuza na nan."

Na ce madalla, na ba da farautar ranar.

Kwana huɗun da suka biyo baya, Buba ya fi kowa ƙwazo. Na ce a nemo min sinadarin da ke cikin bakin fensir. Kowa ya turo gawayi dunƙule, shi ya turo nasa a turmi, an daka an tankaɗe, lukui kamar kwalli. Na yaba tsabtar aikinsa. Washegari, ba tare da na tambaya ba, ya turo hoton wani dunƙule rawaya, farar wuta, irin wadda makiyaya ke shafa wa dabba mai ƙaiƙayi. Na ce kai, Kuza ya shiga gaban malamarsa. Rana ta uku ya turo wani abu na uku, wanda ko yanzu ba zan rubuta sunansa ba. Rana ta huɗu ya yi tambaya a zaure, ya ce me ya sa wani abu ke cin wuta a hankali, wani kuma ya tashi gaba ɗaya. Ni da na shekara biyu ina roƙon yaron nan ya buɗe baki! Na gyara zama na yi masa bayani dalla-dalla, da murya, minti shida. Na ƙare da cewa, "Tambayar mako ke nan. Kuza, maki goma."

Ran sha tara, da azahar, Nafisa ta kira ni. Ba ta taɓa kira ba, sai saƙo. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Malama, kin san mutumin nan na bidiyon Sagir? Baban Buba ne."

Na ce, "Ke Nafisa, ki iya bakinki."

"Wallahi tallahi. Kwana biyar Inna ba ta kawo mamu nono ba, yau Mama ta tahi dubo ta, ta iske ana zaman makoki. Ba wanda ya zo ya hwaɗa masu, Malama. A zaurenmu na waya ya gani. Shi ya shaida malahwar, shi ya gaya ma Inna." Ta ja numfashi. "Kuma Mama ta ce ɗiyan ƙanen babanshi biyu sun zo daga daji bisa mashin. Wai yau za su koma da shi, su rama."

Na zauna bakin ƙofa ina jan zauren baya, ina duba hotunan da Buba ya turo ɗaya bayan ɗaya. Malam Sada ya ji kekensa kaɗai ke magana a gidan, ya taso ya leƙa ta kafaɗata. Mahaifin Malam maharbi ne, a cikin warin wannan sana'a ya tashi. Ya karɓi wayar, ya duba na farko, na biyu, na uku, ya dube ni.

"Rabi, wa ya turo maki wanga?"

"Ɗalibina."

"To albarushi shika haɗawa. Kayan bindigar toka ne wanga, ba saura ko ɗaya." Ya ga amsata a ƙasa, ya danna, muryata ta cika tsakar gida tana bayani cikin fara'a. Ya kashe tun ba ta yi nisa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makullin mashin.

Na kira lambar Buba sau uku bai ɗauka ba. Sai na kira Nafisa na ce, "Yau ke ce malama. Ana idar da la'asar ki kira suna. In ya amsa, kada ki bar shi ya yi shiru. Ki jefa masa tambaya, in ya amsa ki ƙara wata, ki sa kowa ya yi masa gardama. Ki riƙe min shi har in iso."

Muka kai Ummi maƙwabta, muka fita. A ranar, dokar kulle na nan daram. Titi fayau, kwalta na walƙiya, iskar da ke bugun fuska kamar daga bakin murhu. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, irin wanda ya yi mako yana yaudararmu. Muka bi lunguna har kusa da Ƙofar Guga, nan muka ci karo da shinge. Masu tsaron hanya sun tara mutane a rana suna tsallen kwaɗo, har da wani mai furfura. Malam ya tsaya, ya cire hula, ya fara bayani da ladabi. Wani matashi a cikinsu bai bari ya kai aya ba, ya zuba masa dorina a gadon baya. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Ya ƙara ta biyu, rigar ta tsage, jini ya tsattsafo. Na diro daga mashin ina ihu, na ce masa ɗan da na koyar ya girme shi, na ce yaro zai mutu a bayan ganuwar nan kuma alhakin na wuyansa. Ya ɗaga dorinar a kaina. Babbansu ya daka masa tsawa, ya zare makullin mashin ya sa aljihu, ya ce in tafiyar dole ce mu taka da ƙafa.

Muka taka. Ba na manta wannan tafiya. Maƙogwarona ya bushe har numfashi na yi min zafi, silifas na manne wa kwalta, Malam na gaba rigarsa na manne da jini. Aka kira la'asar muna hanya, muka yi ta a gefen wani shago da taimama. Ina sallamewa wayar ta motsa a hannuna. Nafisa ta fara. Zinariya, Azurfa, Dalma. Sai na ga, "Kuza?" Na tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Kuza na nan."

Yarinyar nan ta yi aiki. Ta ce ruwan toka da ruwan kanwa wanne ya fi ƙarfi. Ya amsa. Dalma ya ce ƙarya ne. Buba ya kawo hujja. Ta jefa wata. Sagir, wanda Nafisa ta riga ta gaya wa komai, ya shigo yana ta tambayar Buba abubuwan da na san ya sani, yana cewa, "Don Allah Kuza ƙara min bayani." Duk motsin wayar a tafina, na san yaron yana cikin gari. Na daina jin ƙishirwa, sai sauri.

Gidan su Inna na ƙarshen layi, daga shi sai gonaki. A gindin wata bishiyar bedi na ga samari biyu a kan mashin, fuska naɗe da rawani, injin na aiki. Ɗaya na ta duban wani kango da ke bayan gidan, ginin bulo da ba a rufa ba. Malam ya ce, "Can yake." Mun yi taku bai fi goma ba.

Ƙarar ba ta yi kama da ta bindiga ba. Ta fi nauyi, ta daki ƙirjina kafin kunnena. Tsuntsaye suka watse daga bedin, farin hayaƙi ya turnuƙe daga tagar kangon, wari irin na ashana da ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin. Samarin nan suka dubi juna, na gaba ya murɗa mashin, suka yanki gona suka yi yamma. Ko waiwaye ba su yi ba.

Inna Adama ta fito a guje, ba ɗankwali, da ludayi a hannu. Ta riga mu isa ƙofar kangon, ta tsaya, hayaƙi ya hana a ga komai. Na ga bakinta ya buɗe, ba abin da ya fito. Shekara goma sha takwas ba ta kira sunan nan ba, ranar ma ya ƙi fita. Ta juyo ta damƙi hannuna har farcenta ya shige.

"Malama, kira shi. Ke ki kira shi!"

Na ce, "Buba!" Shiru. Na ce, "Abubakar!" Shiru, sai ƙarar wani abu na ci a ciki. Ban san daga inda ta zo min ba, na buɗe murya irin ta aji na ce, "Kuza!"

Daga ƙasa, can kusurwa, wata murya ta ce, "Na nan, Malama."

Malam ne ya shiga ya jawo shi. Tsohuwar bindigar babansa ce Buba yake ɗurawa, ta fashe a hannunsa. Fuskarsa baƙi ƙirin, girarsa ta ƙone, gaban rigarsa na hayaƙi. Hannun dama kuwa, babban yatsa da biyun da ke biye da shi babu su, sai tsoka da farin ƙashi, jini na tsartuwa yana sauka kan bulo. Na cire mayafina, Malam ya yaga shi da haƙori ya ɗaure dantsen tamau. Yaron bai yi kuka ba, ko uhm bai ce ba, haƙora kawai ya datse. Wayarsa na kan wani bulo a gefe, gilashin ya tsage amma tana haske. Ya fara rubuta wa Sagir amsa da hannun hagu, bai ƙarasa ba.

Wani maƙwabci mai a-kori-kura ya ɗauke mu. Muna baya, kan Buba a cinyata, Inna a can ƙarshe ta juya fuska tana kallon hanya, amma hannunta na riƙe da ƙafarsa. Kafin mu kai shingen iska ta taso, gari ya yi duhu. Mai dorinar nan ya leƙo, ya ga jinin da ya jiƙa min zani, da kansa ya ruga ya janye shingen. Muna shiga asibiti ruwan farko na shekarar ya tsinke. Da aka kira magariba muna barandar ɗakin tiyata, ba dabino, ba kunu. Na tara hannu a bakin indararo na sha, na tara wa Inna. Ruwan na da ɗanɗanon ƙasa da tsatsar kwano.

Buba ya rayu. Samarin nan biyu, ɗaya an kawo labarin mutuwarsa kafin kaka, ɗayan har yau ba wanda ya san inda yake. Da hannun hagu Buba ya koyi rubutu, da shi ya zana jarrabawar fita, yanzu yana karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje. Sai bayan wata biyu ya gaya min yadda aka yi. Tun azahar 'yan'uwansa suka so su tafi, a ƙarasa haɗin a daji. Shi ya ce su jira a kira suna tukuna, ba ya so a ce Kuza ya narke. Da tambayoyi suka ƙi ƙarewa, suna ta yi masa hon, sai ya shiga sauri, hannu ɗaya a waya, ɗaya a bindiga. Na sha zama in auna wannan magana. Wasana ne ya hana shi tafiya, wasana ne kuma ya ci masa yatsu, ni ce kuma na ba shi maki goma a kan hanya. Ban iya raba su ba, na daina ƙoƙari. Har yanzu ina yin wasan da ɗalibaina, a waya da cikin aji. Sai dai in mai shiru ya yi tambaya mai kyau, nakan riƙe makin tukuna in tambaye shi ya gida.

Amma abin da zoɓon Ummi ya dawo min da shi jiya ba ƙarar ba ce, ba jinin ba ne. Washegarin ranar ne, da la'asar, a ɗakin marasa lafiya. Gari ya yi sanyi, ƙasa na ƙamshi. Buba na kwance, hannu naɗe da bandeji, fuska shafe da magani, ya zuba wa silin ido. Tun da aka kawo shi bai yi magana da kowa ba. Inna na zaune a ƙasa bakin ƙofa, nesa da gadon, yadda ta saba. Na kawo musu kunu a fulas na ajiye. Ta jawo gefen zanina, na durƙusa.

Ta ce a hankali, "Malama, wanga suna da kika kira jiya, mi ne ne shi?"

Na ce, "Wani ƙarfe ne, Inna. Fari, mai laushi. Shi ake shafa wa gwangwani kada ya yi tsatsa."

"Ba sunan kowa ba ne? Ba na wani babba ba?"

"Ba na kowa ba ne. Ni na raɗa masa."

Ta juya sunan a bakinta ba sauti. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta taka har bakin gadon, ta tsaya ta wajen kansa. Ta dube shi a fuska, gaban nas, gaban Malam, gaban kowa.

Ta ce, "Kuza."

Yaron da ya kalli abin da aka yi wa ubansa a kasuwa bai yi hawaye ba, wanda yatsunsa suka tashi bai ce wayyo ba, ya juyo da kai ya dube ta. Ya buɗe baki zai amsa, amsar ta ƙi fita. Ya ɗaga hannun hagu ya kamo bakin zaninta, ya tusa fuskarsa a ciki, kukan ya ɓalle har na gadon ƙarshe ya tashi zaune. Ta sake faɗa, ta kuma sakewa. Malam ya taɓa kafaɗata, muka fita baranda muka bar su.